Ɗakin Inna Ladi

Nana, na san in kin yi wayo za ki ji labarin nan a bakin mutane, shi ya sa nake so ki fara jin sa daga nawa bakin. A Ɗorayi ana cewa uwarki ta je Dubai idonta ya buɗe, har ta tsaya a gaban dattawa ta ƙaryata mutumin da ya ɗauke ta aiki. Kakarki da kanta ta kira ni tana kuka, wai da gaske ne na ɗaga wa Alhaji murya? Ban ɗaga ba. Muryar ma da ƙyar take fita. Yau wata biyu ke nan da faruwar abin, kuma har yanzu in na ji takun Alhaji a matakalar ofis sai na sunkuyar da kai a kan fayil. Amma in da za a mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Bayan rasuwar babanki na zo ƙasar nan a kan bizar kamfanin kago, wato jigilar kaya, na Alhaji Ɗanlami. Ba ni da komai sai takardar sakandare da rubutu mai kyau. Sitonsa yana unguwar Al Quoz, cikin layin manyan rumfunan ƙarfe inda zafi yake sauka kamar an kifa tanda. Da safe aikina rubuta sunayen masu kaya a jikin kwalaye kafin a loda su a kwantena. Da rana kuma sai na hau sama, na zauna a teburin asusun haya. Manyan 'yan kasuwarmu ne suka haɗa kai suke ware wani abu daga aljihunsu, saboda ɗan Arewan da haya ta taso masa ba shi da yadda zai yi, Musulmi ne ko Kirista. Alhaji ne shugaban kwamitin. Ni kuma nawa shi ne in binciki mai nema, in rubuta rahoto, su karanta ranar Lahadi su yanke hukunci.

Mai albashi ba ya ba da wuya. Ya kawo takardar albashinsa, ya kawo ta haya, a duba, shi ke nan. Masu aikin kansu su ne aikin. Tela, mai kitso, mai dafa abinci tana kaiwa shaguna, mai ɗaurin kaya, mai raka baƙi kasuwa yana yi musu ciniki, duk waɗannan babu wanda yake rubuta musu abin da suka samu. Sai na ce a ba ni waya, mu zauna mu bi saƙonnin masu ba su aiki na wata uku, ɗaya bayan ɗaya. In na gama sai na cire abin da sana'ar ta cinye: zare, gas, kuɗin bas, katin waya. Na koyi cewa tela a goman ƙarshe na azumi sarki ne, amma in ka same shi a tsakiyar watannin zafi, lokacin da kowa ya gudu gida, kekensa har ƙura yake yi. Na kuma koyi cewa in ka tambayi mutumin garinmu yaya kasuwa, ko kwana biyu ya yi bai ɗora tukunya ba, amsarsa ɗaya ce, alhamdulillahi. To alhamdulillahi ba ta da gurbi a fom ɗinmu.

Shi ya sa Alhaji ya kafa dokar ziyara. Duk mai aikin kansa sai an je ɗakinsa an gani. A sanar da shi kwana biyu kafin a zo, don ba a faɗa wa mutum gida kamar 'yan sanda. A je mutum biyu. A ɗauki hoton ɗakin a sa a fayil. Tsoron kwamiti shi ne mutane za su ɓoye abin da suke da shi su zo suna kukan babu, don haka in ɗaki ya nuna wadata, magana ta ƙare. Abokin tafiyata kullum shi ne Malam Tijjani, ma'ajin asusun, mutum mai ƙiba da barkwanci, wanda ba ya wuce tayi.

Akwai kuma doka ta biyu, wadda ba a rubuta ba. Rahoton da aka sa wa hannu ba a janye shi. Wadda na gada a teburin, wata 'yar Zariya, ta taɓa canza nata bayan an yanke hukunci. Aka ce kuɗi aka ba ta. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba har yau. Abin da na sani, cikin mako guda an soke bizarta, tana cikin jirgi. Ranar da na fara aiki Alhaji ya nuna mini kujerarta da sandar tabaronsa.

"Rabi, a ofishina ba a amai a lashe. Ki duba da kyau kafin ki rubuta. In kin rubuta, halas, magana ta ƙare."

Wata goma ina wannan aikin lafiya ƙalau, har aka kawo takardar Inna Ladi.

Mai kitso ce da lalle, 'yar Funtuwa, ta haura hamsin. Tana zaune a unguwar International City, a wani fulat da aka yayyanka da katako aka yi ƙananan ɗakuna, irin wanda muke kira fatishin. Ejan mai karɓar haya ya ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba ta biya ba ya canza makulli. Kuma a ɗakin take kitso. In ɗakin ya tafi, sana'ar ta tafi da shi. Ba ma ita ta kawo fom ɗin ba, maƙwabciyarta ce ta cike ta aiko. Na kira ta na ce muna tafe jibi, ni da ma'aji.

Tun daga matakala ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Muna shiga ƙafata ta nutse a wani jan kafet mai laushi. Ga labule mai ruwan zinariya, ga talabijin a kan ɗan tebur, ga kuloli uku a jere suna ƙyalli. Ita kanta ta sha leshi da ɗauri. Ta zaunar da mu, ta buɗe kular farko, masa ce fara tas. Ta biyu miyar taushe. Ta uku farfesun kaza. Malam Tijjani ya gyara zama ya naɗe hannun riga.

"Hajiya, ai mu aiki muka zo, ba walima ba."

"Aikin ma ai da ciki ake yi, Malam. Bisimilla. Ke 'yata, matso mana, ko azumi kike?"

Na buɗe littafina na ce, "Inna, yaya sana'ar?"

"Alhamdulillahi. Sai godiya."

"Kai nawa kike yi a mako?"

"Abin da Allah ya kawo. Ci, ci, tana hucewa."

Na nemi wayarta, ta ce ai masu kitsonta ba sa aiko saƙo, ƙwanƙwasa ƙofa suke yi. Na lura yatsunta sun kumbura a gaɓoɓi, har da ƙyar ta murɗe murfin kula. Na gani da idona, Nana, amma ban rubuta ba, don fom bai tambayi yatsu ba. Na ɗauki hoton ɗaki, muka yi godiya, muka fito. A tasi Malam Tijjani yana sakace ya juyo ya kalle ni.

"Rabi, in dai wannan baiwar Allah tana neman taimako, to ni ma a miƙo mini fom. Ni da nake ma'aji ban ci kaza ba tun Juma'a."

Na yi dariya. Washegari na rubuta cewa ba ta cikin matsi, na sa hannu. Ranar Lahadi kwamiti ya karanta, ya ƙi.

Yawanci ta waya nake sanar da wanda aka ƙi. Na kira ta sau uku layin ba ya shiga. Ranar Laraba Alhaji ya aike ni babbar kasuwar 'yan Chana in duba masa wasu fitilu, kuma gidan su Inna yana bayan kasuwar, sai na ce bari na biya na miƙa mata takardar hannu da hannu. Ban sanar ba. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe, ta ga ni ce, sai ta riƙe ƙofar kamar za ta mayar. Daga baya ta sake ta.

"Ba ki ce za ki zo ba."

Na ɗauka ɗaki na ɓata. Tayil ne tsirara. Siririyar katifa a jingine da bango, kujera 'yar tsugunno ta zaman kitso, bokiti, sai akwati guda an ɗaure shi da igiya. Babu labule, tsohon zani ne aka rataya a taga. Babu talabijin, babu kula ko ɗaya. Ta ɗebo mini ruwa a kofin roba, ta ba ni kujerar, ita ta zauna a kan akwatin. Takardar tana hannuna, na rasa yadda zan yi da ita. Ita ta miƙo hannu.

"Karanta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Na karanta mata. Kalmomina ne, ni na tsara su. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"To, Allah ya saka da alheri. Kun yi iya yinku. Ki gaida Malam."

"Inna, ina kayan ɗakin?"

"Sun koma inda suka fito." Ta kama hannuna da yatsun nan nata masu kumburi. "'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Abin da idonki ya gani yau, ki bar shi a bakin ƙofar nan. Kar a zauna a gaban maza a karanta yadda Ladi take kwana. Na aurar da 'ya'ya uku da kitson nan, ban taɓa roƙon kowa ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata.

A soron bene wata mata ta tare ni, doguwa, sanye da rigar aikin share-share na asibiti. Ita ce Madam Saraya, 'yar Zonkwa, maƙwabciyar da ta cike fom ɗin. Ta riƙe ƙugu ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke ce 'yar ofis ɗin? Sannu da aiki. Kazata ta yi daɗi?"

"Madam, ban gane ba."

"Za ki gane. Talabijin nawa ne. Labule na matar tela ne a hawa na biyu. Kafet na Maman Husna ne a sama. Kaza mu uku muka haɗa muka saya. Leshin ma ba nata ba ne."

"To me ya sa? Ai taimako take nema."

"Ke ba Bahaushiya ba ce? An ce baƙi za su zo daga ofishin Alhaji, har da namiji babba, sai ta zaunar da shi a kan tayil ta ba shi ruwan famfo? Na ce mata Inna kar ki yi, mutanen nan ido suke zuwa da shi, ba ciki ba. Ta ce gara a ɗauki gawarta. Ku ne kuke kira kwana biyu kafin ku zo, me kuke so mutum ya yi da kwana biyun? Kafet ɗin nan ya fi ni sanin ɗakunan gidan nan. Duk wanda zai yi baƙo, shi ake aikawa a ɗauko."

Ta wuce ta bar ni a tsaye. Fitilun Alhaji ma ban duba su ba ranar.

Washegari da sassafe, kafin 'yan lodi su zo, na hau sama na fito da duk fayilolin gidan nan da na taɓa yi. Na baza hotunan a tebur. A hoton Inna, kusa da kusurwar kafet, akwai ƙunar garwashin turare, baƙa, kamar faɗin kwabo. Na ɗauko hoton wani ɗakin, na wani mai ɗaurin kaya, ga jan kafet, ga ƙunar. Na ɗauko na wata mai sayar da fura da zoɓo, ga shi nan. Na wani tela mai mata da yara biyu, ga shi nan. Ɗaki huɗu, kafet ɗaya. Dukansu huɗun an ƙi su, kuma a ƙasan kowane rahoto sunana ne. Mu muna tsaron kada a ɓoye mana dukiya, ashe mutanenmu talaucinsu suke ɓoye mana, mu kuma muna hukunta su da karamcin da suka yi mana.

Ƙarshen wata ranar Talata zai kama. Kwamiti zai zauna Lahadi. Kwana uku ke nan a gabana, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwana ukun nan ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin mayar da hotunan in yi shiru. Wa zai sani? Inna ma da bakinta ta ce in bar maganar. Na kira gida, kakarki ta kara miki waya a kunne kina ba ni labarin wata akuya da ta cinye miki littafi, ina dariya hawaye yana zuba, don na san in aka soke bizata, da me zan dawo muku? Abinci ya ƙi shiga. A ɗakinmu na unguwar Karama, inda muke mu shida a gadaje masu hawa biyu, wata 'yar Gombe ta tambaye ni ko zazzaɓi nake, na ce e. Ranar Juma'a na samu Malam Tijjani a bakin sito na nuna masa hotunan. Ya daɗe yana kallo. Dariyar fuskarsa ta tafi.

"Rabi, ki rufa wa kanki asiri. Kin san Alhaji, kin san abin da ya samu 'yar Zariya. Ni ina da iyali a nan."

Ya mayar mini da su ya shige mota.

Ga alkawarin da na ɗauka, ga ɗakin da za a kulle. In na yi magana na tona mata asiri, in na yi shiru ta kwana a waje. Ranar Asabar ina rubuta suna a jikin kwali, almakashi yana gefena, sai dabara ta zo mini. Ai ba sai na faɗi yadda ɗakin Inna yake ba. Na sake buga hotunan huɗu, na bi su da almakashi na yanke komai, bango, gado, taga, na bar kafet ɗin kawai da ƙunarsa. Na rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu a bayansu.

Lahadi bayan la'asar suka hau sama su biyar. Kullum nawa shi ne in ajiye fayiloli da shayi, in koma kujerar bakin ƙofa. Aka gama na ranar, Alhaji ya fara haɗa takardunsa, sai na miƙe.

"Alhaji, a yi mini afuwa, ina da magana."

"Yalla, yi sauri ki faɗi, magariba tana zuwa."

"Ina so in janye rahoto huɗu da na rubuta."

Alhaji ya ajiye takardun a hankali. Ya cire tabaronsa.

"Nawa aka ba ki?"

Na yi ta shirya amsar tambayar nan kwana uku, amma duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba.

"Masa aka ba ni, Alhaji. Na kuma ci."

Wani dattijo a cikinsu ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Alhaji bai yi ba. Na matsa na jera hotunan a gabansa, ɗaya ya faɗi ƙasa, na durƙusa na ɗauko. Na nuna musu ƙunar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Na ce wannan ɗaki huɗu ne daban-daban, a wata huɗu daban-daban, kafet ɗin kuwa ɗaya ne, kuma ba na kowa ba ne a cikinsu. Na ce in mun kira mun ce muna tafe, gidan gaba ɗaya yake tashi a fita kunyarmu. Wannan ta ba da labule, wannan ta ba da kula, a yi karo-karo a yanka mana kaza. Mu ci, mu ɗauki hoto, mu dawo mu rubuta cewa ba sa cikin matsi. Na ce laifin nawa ne, ni na rubuta. Na ce lamba huɗu, Talata za a canza mata makulli.

Alhaji ya mayar da tabaronsa. Ya ɗauki hoto na ɗaya da na huɗu ya haɗa su kusa da hancinsa. Mutum ne da ya shekara talatin yana sayen kaya, in ya duba abu ya duba.

"Su wane ne?"

"Alhaji, lambobin suna baya."

"Na ga lamba. Suna nake tambaya. Kuma in kafet ba nata ba ne, me ke cikin ɗakin? Ki faɗa wa kwamiti."

"An ba ni amana, Alhaji. Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba." Ya maimaita kamar yana ɗanɗana maganar. "Rabi, kin san wa ya yi miki biza?"

"Na sani. Kai ne, Allah ya saka da alheri."

"To?"

"In ka ce in tafi, zan tafi, Alhaji. Amma don Allah a biya wa lamba huɗu kafin na tafi."

Na ga teburin yana nisa yana dawowa, na dafa bango. Ina jiran kalmar nan tasa guda ɗaya, halas. Sai na ji kujera ta yi ƙara. Malam Tijjani ne ya miƙe, yana share gumi da hularsa.

"Alhaji, duk ɗakunan nan huɗu da ni aka je. Kafet ɗin nan sau huɗu ina zama a kansa ban gane shi ba, don idona yana kan kula. In ita ta ci masa uku, ni na ci goma sha biyu. In cin hanci ne, ni ne babban mai laifi, a fara da ni. Kuma lamba huɗu na san ta. Dattijuwa ce, sa'ar yayyenmu. Ni ma ba zan faɗi sunanta ba."

Wannan karon dariyar ba ta ɓoyu ba, har wani yana buga tebur. Alhaji ya kalli ma'ajinsa, ya kalle ni, ya sake kallon hotunan. Ya daɗe. Sannan ya ƙwanƙwasa hoton da farcensa.

"Kafet ɗin ma na banza ne. Irinsa nake lodawa Kano, wanki biyu ya koɗe. A kan wannan kuka hana mutane huɗu?" Ya juya wajen Malam Tijjani. "Gobe da safe ka je ka biya ejan, ka karɓo rasit. Sauran ukun a nemo su." Ya nuna ni da tabaro. "Ke kuma, tunda kin iya tono, duk fayil ɗin da kika ƙi tun da kika zo, ki sake bin sa ɗaya bayan ɗaya. Daga yau ba hoto, ba kallon ɗaki. Sana'ar mutum za a duba. Mace ta je wa mace. Tijjani ya ci abinci a gidansa. Halas, a tashi a yi salla."

Suna fita na zame na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Ba duka aka gyara ba, kuma ba na so ki ɗauka haka. Mai ɗaurin kaya da mai fura an same su, an taimaka musu. Telan nan mai yara biyu ya riga ya sayar da kekensa ya koma gida tun watanni uku da suka wuce. Na samu lambarsa na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Allah ya rubuta, amma ni ma na rubuta, kuma wannan yana nan a raina. Alhaji ya yi mako uku in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Labarin kuma ya riga kwantena isa Kano, ya sauya kama a hanya.

Amma ranar Litinin ɗin nan, Nana, da na sauka daga bas da rasit ɗin da Malam Tijjani ya karɓo a jakata, ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Madam Saraya ce ta fara hango ni daga taga. Kafin na hau bene ta riga ta sauko, ta fizge takardar ta karanta, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar matakala har wasu 'yan Pakistan suka leƙo.

"'Yar ofis! Ashe kina da ƙashi a jikinki! Na yafe kazar!"

Inna tana zaune a kan akwatinta. Na durƙusa na ce an biya. Ba ta karɓi rasit ɗin ba. Ta tsare ni da ido.

"Me kika faɗa musu?"

"Ban faɗi sunanki ba, Inna. Ban faɗi abin da na gani ba."

"Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Sai a lokacin ta miƙo hannu ta karɓa. Ta shafa takardar, ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a bakin zaninta tare da makullin ɗakin. Ta tashi daga kan akwatin ta fara kwance igiyar, yatsun suka ƙi, Madam Saraya ta sa hannu suka kwance tare. Abin da ta fara fitarwa shi ne tsinken kitso da kwalbar man kai. Ta jawo kujerar nan da ƙafa.

"Cire ɗankwalin nan in gani."

Na cire.

"Innalillahi. Mace tana aikin ofis, kai kamar sheƙar ungulu? Zauna."

Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta tsaga layin farko, a hankali, tana hutawa tana ci gaba. Kitson da wata za ta gama a awa ɗaya, sai da muka kai la'asar. Da ta gama na buɗe jaka zan biya, ta buge mini hannu. Na ce ai sana'a ce, Inna, kuma aikina ne in san abin da take kawowa. Ta tsaya tana kallona, sannan ta buɗe tafin hannunta.

"To kawo. Ki kuma gaya wa 'yan ɗakinku na Karama, Ladi tana nan, ba ta tashi ba. Su zo da safe, kafin yatsun su gaji."